Daga Akurki Zuwa Tukunya: Kimiyyar Yanka da Gyaran Kazar Gida

Da wuya a shiga gida a karkarar ƙasar Hausa a rasa kaji suna tono a tsakar gida ko a gindin danga, kuma ko a cikin manyan birane irin su Kano da Katsina da Damagaram akwai gidaje masu yawa da ba su rabu da akurki ba. Kazar gida ita ce asusun matan aure, ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake yanka wa baƙon da ake ganin girmansa, ita ce kuma naman daren cika-ciki da na ƙaramar salla da na amarci. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. To amma daga lokacin da aka kama ta zuwa lokacin da ta shiga tukunya, aikin da bai cika wuce sa'a ɗaya ba, akwai abubuwa da dama da ke faruwa a jikin naman waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa nama ya yi laushi ko tauri, ya kwana ko ya lalace, su ne kuma ke sa iyali su ci su tashi lafiya ko su kwana suna zarya zuwa bayan gida.

Batun ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, an kiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma su rasu, ciki har da yara 125,000 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin wannan asara idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Naman kaza da ƙwai suna cikin manyan hanyoyin da biyu daga cikin ƙwayoyin cutar da ke jawo wannan, wato Salmonela da Kamfilobakta, suke bi su isa cikin ɗan Adam.

Wace kaza ta cancanci wuƙa?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki a gidaje da yawa: da an ga kaza ta yi lamo, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi da rana tsaka, sai a yi maza a nemi wuƙa don kada ta mutu mushe a yi asara biyu. Ana iya fahimtar dalilin mai kaza, domin dukiyarsa ce yake gani tana shirin salwanta. Sai dai a duk matakan da wannan bayani zai ratsa, babu wanda ya kai wannan haɗari.

Cutar da ta fi kashe kajin gida a wannan yanki ita ce wadda masana ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka bayyana ta a shekarun 1920. An san da ita a Nijeriya tun farkon shekarun 1950, kuma takan yi ɓarna sosai da hunturu, har ta share kajin unguwa guda cikin mako biyu. Ga ɗan Adam, iyakar abin da takan jawo shi ne jan ido na 'yan kwanaki. Tana kuma da rigakafi, wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, take sarrafawa. Matsalar ita ce alamunta sun yi kama ƙwarai da na murar tsuntsaye: mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, gudawa, da sarƙewar numfashi. Ko likitan dabbobi ba ya iya rantsewa a kan wacce ce daga cikin biyun sai an kai samfuri ɗakin gwaji, balle uwargida da ke tsaye a bakin akurki.

Ita kuwa murar tsuntsaye nau'in H5N1 tana kisa. A shekarar 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka rasu. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan da aka same ta a kajin nahiyar Afirka, kuma kafin watan ya ƙare an tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A watan Janairun 2007 wata mace mai shekara 22 ta rasu a Legas, bincike kuma ya danganta kamuwarta da gyaran kaza. A Masar, inda fiye da mutum 300 suka kamu tun daga 2006, mata da yara masu hulɗa da kajin gida suna da yawa a cikin waɗanda abin ya shafa. Cutar ta sake dawowa Nijeriya a 2015, ta kuma ci gaba da ɓulla jifa-jifa a shekarun da suka biyo baya.

Abin lura a nan shi ne, dafuwa sosai tana kashe wannan ƙwayar cuta, saboda haka wanda ya ci dafaffen naman ba shi ne ya fi shiga haɗari ba. Mai yanka da mai figa da mai fiɗa, waɗanda jini da majina da ƙurar gashi ke taɓa hannunsu da idonsu da hancinsu, su ne a bakin rami. A gidan Bahaushe kuwa, figa da fiɗa aikin mata ne da 'yan mata, sau da yawa da goyo a baya. Don haka idan kaji suka fara mutuwa biyu-biyu, uku-uku, abin da ya dace shi ne a haƙa rami mai zurfi a binne su, ba tare da an taɓa su da hannu tsirara ba, a kuma sanar da malaman dabbobi mafi kusa. Jefar da mushe a bola ko a kwata raba cutar ne ga kajin maƙwabta.

Kaza mai lafiya ba ta ɓuya. Idonta garau yake, zankonta ja, gashinta a kwance yana sheƙi, duburarta a bushe babu kashi manne, kuma idan aka shafa ƙirjinta za a ji tsoka ta rufe ƙashi ta kowane gefe. Wadda ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bakin wuƙa ta daɗe tana fama da wani abu.

Saura batun magani. Masu kiwo da yawa sukan fasa kafso irin na mutane su zuba wa kaji a ruwan sha, kuma wasu su yanka kazar washegari. Maganin ba ya fita daga jiki nan take. Yakan saura a hanta da ƙoda da tsoka na wasu kwanaki. Shi ya sa kowane maganin dabbobi na gaskiya yake ɗauke da adadin kwanakin da za a jira bayan an daina ba da shi kafin a ci nama ko ƙwai. Akwai ma magunguna irin su kuloramfenikol da ƙasashe da yawa suka haramta bai wa duk dabbar da za a ci, domin ko kaɗan ne suna iya lalata ɓargon da ke ƙera jini a jikin wasu mutane.

Daren jajiberin yanka

Yawancin mutane ba sa tunanin yanka sai an ɗora ruwa a wuta, sa'an nan a tura yara su bi kaza da gudu, ta haye katanga, ta shiga ƙarƙashin rumbu, kafin a cim mata tana haki. Wannan tsere yana da farashi. A cikin tsokar kaza akwai wani sukari da jiki ke ajiyewa domin aiki. Bayan yanka, sukarin nan yakan juye ya zama wani ɗan tsami a cikin naman, tsamin kuma shi ke rage wa ƙwayoyin ruɓa ƙarfi, ya ba nama launi da ɗanɗanon da aka sani. Kazar da ta ƙone sukarinta wajen gudu da fargaba ba ta da abin da za ta juya, sai namanta ya yi duhu, ya kuma fi saurin lalacewa. Ga kuma kurmewar jini a fiffike da cinya inda aka danne ta ko aka jefe ta.

Hanya mai sauƙi ita ce a kama ta da dare bayan ta shiga akurki, domin kaza ba ta gani sosai a duhu, ba ta kuma gardama. Sai a keɓe ta a kife da kwando, a janye mata abinci na sa'a 8 zuwa 12, amma a bar mata ruwa. Hikimar ita ce jakar abincin da ke gindin wuyanta da hanjinta su rage kaya, ta yadda ko wuƙa ta kuskure wajen fiɗa, abin da zai zubo a kan nama kaɗan ne. Idan yunwar ta wuce haka da yawa kuma sai a faɗa wata matsalar, don bangon hanji yakan yi rauni ya riƙa tsinkewa da an ja shi, matsarmama kuma ta cika ta kumbura. Kazar da aka sayo daga kasuwa a rataye a bayan babur, kai a ƙasa, cikin rana, tana buƙatar a kwance ta a inuwa ta sha ruwa ta huta kafin a yanka.

Yanka

A kan wannan mataki, abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa da abin da masana jikin dabbobi suka gano sun haɗu a wurare da yawa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan Hausawa suke bi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, yanka yana tabbata ne da tsinke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba ba ta ƙeya ba, tare da ambaton sunan Allah, kuma ba a ɗage hannu kafin a gama sa'an nan a dawo. An kuma yi umurni da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Al'ada ta sa mata sukan aika a nemo namiji, ko da ɗan makaranta ne mai wucewa, ya yanka musu kaza, alhali shari'a ba ta hana mace yanka ba.

A wuyan kaza akwai manyan hanyoyin jini iri biyu. Akwai jijiyoyi biyu da ke dawo da jini daga kai zuwa zuciya, waɗanda suke kusa da fata, ana ma iya hango su idan an ja gashin wuya. Akwai kuma wasu biyu da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa, su kuwa a jikin tsuntsaye a nutse suke cikin tsoka, dab da ƙashin wuya. Bincike a kan yankan kaji ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta fi saurin daina aiki idan an tsinke waɗannan na ciki duka biyun. Wuƙa dakusasshiya, ko hannu mai tsoro, kan yanke fata da maƙogwaro da jijiyoyin waje kawai, a ga jini yana zuba a ɗauka an gama, alhali ƙwaƙwalwa tana ci gaba da samun jini, kazar kuma tana cikin wahala. Irin wannan ce kan miƙe ta yi tafiya bayan an sake ta. Saboda haka a sa wuƙa mai kaifi a ƙasan muƙamuƙi kaɗan, a ja ta har a ji ta taɓa ƙashi.

Shure-shuren da kaza ke yi bayan yanka mai kyau ba alamar tana ji ba ne. Lakar da ke cikin ƙashin bayanta tana da ikon motsa fukafukai da ƙafafu ita kaɗai na ɗan lokaci bayan umurnin ƙwaƙwalwa ya yanke. Labarin da ya fi shahara a kan wannan shi ne na wani zakara a jihar Kolorado ta Amurka, wanda aka sare wa kai da gatari a shekarar 1945, amma gatarin ya bar gindin ƙwaƙwalwar da ke kula da numfashi da bugun zuciya. Zakaran ya rayu wata 18 ana ɗura masa abinci ta maƙogwaro. Duk da haka bai kamata a jefar da kaza ta yi ta birgima cikin ƙasa ba, domin ƙasa da kashi suna shiga ta wurin yankan, fukafukai kuma su kakkarye. A riƙe ta, kai a ƙasa, bisa ɗan ramin da aka tona, na minti biyu zuwa uku. Jinin da ke fita yakan kai kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta. Da an gama sai a rufe ramin.

Ruwan zafi

Kada a tsoma kaza a ruwan zafi sai ta daina motsi ɗungurungum. Wadda aka tsoma da sauran numfashi takan shaƙi ruwan dauɗa zuwa cikin huhu da jakunkunan iskar da ke ratse da jikinta, fatarta kuma ta yi ja saboda jinin da bai gama fita ba. Matan da ke fara wanke jinin wuya da dauɗar ƙafafu da ruwan sanyi kafin tsomawa suna kan daidai.

Kowane gashi a dashe yake cikin ɗan rami a fata, wasu ƙananan tsokoki suna riƙe da shi. Aikin ruwan zafi shi ne ya sassauta wannan riƙo, ba ya dafa fatar ba. A masana'antun sarrafa kaji ana amfani da ruwa mai zafin digiri 50 zuwa 53 a ma'aunin santigired ga ƙananan kaji, ko kuma kimanin digiri 60 na tsawon minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Kazar gida, da yake ta fi shekaru kuma gashinta ya fi kamu, ta fi dacewa da digiri 60. Tafasasshen ruwa kuwa, wanda ya kusa digiri 100, shi ne abin da aka fi kwarara wa kaza a gidaje, sakamakonsa kuma sananne ne: fata ta saluɓe tana bin gashi, saman ƙirji ya yi fari ya dahu, cikin kuma ya ɗumama, hanji ya yi laushi. Naman da fatarsa ta yayyage ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Ba sai an mallaki ma'aunin zafi ba. Idan aka haɗa kwano ɗaya na tafasasshen ruwa da kwano ɗaya na ruwan randa mai zafin digiri 25, abin da za a samu yana kusa da digiri 62, shigar kazar kuma zai sauko da shi inda ake so. A riƙe ta ta ƙafafu, a riƙa tsomawa ana ɗagawa don ruwa ya ratsa gashi, sa'an nan a gwada jan dogon gashin fiffike. In ya fito ba gardama, ta yi. A fara da manyan gashin fiffike da na bindi tun da zafi. In kaji da yawa ake gyarawa, kamar ranar biki ko suna, a riƙa sauya ruwan, domin bayan kaza uku ko huɗu ya huce ya koma romon dauɗa.

Siraran gashin da ke saura kamar suma, babbaka ce maganinsu. A yi ta da harshen wutar kara ko busasshiyar ciyawa ko ta gas. Leda da roba da tsohuwar taya da kananzir suna barin baƙin hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma wanki ba ya fitar da su duka.

Fiɗa

Nan ne ake yin nasara ko a faɗi. Tsokar kaza mai lafiya, kafin a taɓa ta, kusan babu ƙwayar cuta a cikinta. Ƙwayoyin suna cikin hanji da kan fata da gashi. Kamfilobakta ta fi jin daɗin zafin digiri 42, wanda kusan shi ne zafin jikin kaza, don haka takan zauna cikin hanjinta, musamman wasu 'yan rassa biyu masu toshewa da ke kusa da ƙarshensa, miliyoyi a cikin kowane giram na kashi, ba tare da kazar ta nuna alamar ciwo ba. Ga mutum kuwa, an nuna cewa ƙwayoyi kimanin 500 kacal sun isa su kwantar da shi. Ciwon yakan bayyana bayan kwana 2 zuwa 5 da murɗar ciki da zazzaɓi da gudawa, wani lokaci har da jini, kuma saboda wannan tazara da wuya a tuna da kazar da aka gyara ranar Juma'a. Sai a ɗora laifin a kan ruwa ko haƙori ko shawara. Kimanin mutum ɗaya cikin dubu da suka kamu yakan gamu daga baya da wani ciwon jijiyoyi mai shanye gaɓoɓi. Salmonela ta fi gaggawa, daga sa'a 6 zuwa kwana 3.

Manufar fiɗa ke nan: a fitar da hanyar abinci tun daga wuya har dubura ba tare da ta fashe ba. A tsaga fatar wuya a ɓanɓare jakar abinci da yatsa, kada a ja ta da ƙarfi. A yanke ƙullin man da ke bisa gindin bindi, wanda kaza ke shafa wa gashinta, don yana sa wa miya ƙarni. Sa'an nan a ɗaga fatar ciki a ƙasan ƙashin ƙirji a yi ƙaramin yanka, bakin wuƙa yana kallon sama, a zagaye dubura ba tare da an huda ta ba, a zura hannu ta saman kayan ciki har a kai ga zuciya, a jawo su gaba ɗaya zuwa cikin wani kwano dabam. Masu daddatsa kaza da kayan cikinta a ciki, ko masu tsaga ta ta ƙirji da sara ɗaya, suna shafe naman da abin da ke cikin hanji. Huhu yana manne tsakanin haƙarƙari, sai an sa yatsa an kankaro shi.

A jikin hanta akwai matsarmama, 'yar jaka koriya. A yanke ta tare da ɗan guntun hanta maimakon a tsinke ta, domin ruwanta in ya zuba yakan rina nama ya sa masa ɗacin da ba ya wankuwa. Ƙundu kuma, wanda shi ne dutsen niƙan kaza tun da ba ta da haƙori, a tsaga shi nesa da sauran nama, a zubar da tsakuwa da dusar da ke ciki, a ɓare rawayar fatar da ta lulluɓe shi.

Kafin a zubar da komai, yana da kyau a tsaya a duba, domin wannan shi ne binciken da malamin duba nama yake yi a mahauta. Hantar kaza mai lafiya sumul take, launinta ja mai duhu. Hanta mai fararen ɗigo ko ƙulluka, ko wadda ta kumbura ta yi kore-kore, ko ruwa mai wari a cikin ciki, ko wani abu kamar cuku manne a kan zuciya da haƙarƙari, duk alamu ne na cutar da ta ratsa jiki, kuma barin irin wannan kaza ya fi cin ta. Tsutsar hanji kuwa ruwan dare ce a kajin da ke kiwon sake, ba ta hana cin nama, illa dai tana nuna cewa sauran kajin gidan suna buƙatar magani.

A shekarar 2014 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta yi gangamin hana mutane wanke ɗanyen naman kaza, bisa hujjar cewa fantsamar ruwan tana watsa Kamfilobakta a kan kwanuka da tufafi da abincin da ke kusa. Wannan shawara an yi ta ne domin kazar kanti wadda aka riga aka wanke a masana'anta. Wanda ya yanka da hannunsa dole ya wanke jini da dauɗa. Darasin da ya shafe shi shi ne inda zai yi wankin: nesa da randa da madafa da wurin wasan yara, cikin kwano, da ruwa mai tsabta, a kuma zubar da ruwan a rami. Wuƙar da ta yi fiɗa ba za ta yanka albasa da tumatir da kabejin da za a ci ɗanye ba sai an wanke ta da sabulu, haka ma faranti da hannu. Uwar da ta katse fiɗa ta ba jariri nono ko ta miƙa wa yaro ƙosai ta gama isar da saƙon, ko da kazar ta dahu lugub daga baya.

Tauri da laushi

Jim kaɗan bayan yanka, makamashin da ke cikin tsoka yakan ƙare, zaruruwan tsokar su sarƙe da juna, gawar ta sandare. A kaza wannan yana faruwa da sauri, cikin sa'o'i kaɗan na farko. Daga nan wasu sinadarai da ke cikin naman kansa sukan fara warware zaruruwan sannu a hankali. Shi ya sa masana'antu suke jira aƙalla sa'a 4 zuwa 6 kafin su raba tsoka da ƙashi, kuma kazar da ta kwana cikin firiji ta fi wadda aka dafa tana sandare laushi nesa ba kusa ba.

Amma wannan jira sai da sanyi, digiri 4 ko ƙasa da haka. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suna hayayyafa, kuma a zafin bazara Salmonela tana iya ninka kanta cikin kowane rabin sa'a. A bisa wannan lissafi, ƙwaya ɗaya za ta zama fiye da 4,000 cikin sa'a 6. Gidan da babu firiji, ko wutar ba ta da tabbas, ko babu ƙanƙarar da za a nutsa naman a ciki, gara a dafa nan take a haƙura da ɗan tauri.

Taurin kazar gida ma dai yawancinsa daga wani wuri yake. Kajin gidan gona masu nama ana yanka su suna da mako 6 zuwa 8, ba su taɓa yin wata tafiya ba. Kazar gida takan yi wata biyar ko shida kafin ta kai munzali, tsohuwar kaza ko zakara kuwa shekara biyu ko fiye, kullum cikin yawo da tono. Farin zaren da ke ɗaure tsoka, wanda masana ke kira kolajin, yana ƙara ƙulluwa da shekaru, kuma tsokar da ke aiki tana tara sinadarin da ke riƙe iska, abin da ke sa cinyarta duhu da ɗanɗano. Kolajin ba ya jin soya. Abin da ke narkar da shi shi ne doguwar dafuwa cikin ruwa a wuta marar ƙarfi, har ya koma danƙon nan da ke sa romon farfesu ya daskare idan ya huce. Tsarin da matan Hausawa suka gada, na sulala kaza da albasa da citta da kanumfari kafin a soya, ya yi daidai da wannan ƙa'ida. Ɗanyen gwanda yana ɗauke da sinadarin da ke tausasa nama. Jefa ƙwayar farasitamol cikin tukunya don nama ya yi saurin dahuwa, kamar yadda wasu masu sayar da abinci suke yi, abu ne da hukumomin lafiya a Nijeriya suka yi gargaɗi a kansa saboda illarsa ga hanta da ƙoda.

Wuta da ajiya

Salmonela da Kamfilobakta da ƙwayar murar tsuntsaye duk suna mutuwa idan tsakiyar nama ta kai digiri 70 zuwa 74. Farfesu da miya sun wuce nan da nisa. Inda ake samun kuskure shi ne gashi da suya a wuta mai ƙarfi, waje ya ƙone, gindin cinya kusa da ƙashi yana da sauran ja. A soka wuƙa a wurin da ya fi kauri. In ruwan da ya fito da sauran jini, a mayar.

Dafaffen nama ma yana da nasa abokan gaba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke shiga cikin ƙwanso mai jure tafasa, ta jira abinci ya huce zuwa ɗumi, sa'an nan ta farka ta yi ta ninkuwa. Babbar tukunyar miyar biki da aka sauke da hantsi aka bar ta a rufe har la'asar ita ce gidan da ta fi so, domin tsakiyarta takan ɗauki sa'o'i kafin ta huce. Ko dai a bar tukunyar a kan garwashi tana zafi, ko a rarraba miyar cikin ƙananan kwanuka ta huce da wuri, in za a ci kuma a sake tafasa ta sosai. Wata ƙwayar kuma daga hannu da hancin mai rabon nama take zuwa, ta zuba dafi a cikin soyayyen naman da aka ajiye, dafin da ɗumame ba ya kashewa. Don haka a riƙa ɗiban nama da cokali.

A firiji ɗanyen naman kaza ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a ajiye shi a rufe a can ƙasa don kada ruwansa ya ɗiga a kan wani abinci. Daskarewa a firiza tana tsayar da ƙwayoyin cuta amma ba ta gamawa da su. Idan wuta ta ɗauke har naman ya narke ya yi ɗumi, sake daskarar da shi ba ya mayar da shi yadda yake. Inda babu wannan duka, dambun kaza ya fi kowace dabara daɗewa, saboda an dafa naman, an daka, an soya har ruwansa ya ƙone, ƙwayoyin cuta kuma ba sa hayayyafa inda babu danshi. Sharaɗinsa shi ne a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da ya taru a murfi yakan ɗigo ya jiƙa saman dambun, nan ne kuma fumfuna ke fara tsirowa, musamman da damina.